Agwagin Amarya Sun Shiga Ƙidaya

"Wai ni kam, in kun gama ƙirga tsuntsayen nan, haraji za a sa musu ko katin zaɓe za a raba musu?"

Matar tela ce ta jefo tambayar ta saman katanga, bakinta cike da asuwaki. Amarya tana tsugunne bayan kicin tana sauya wa agwaginta ruwa, ta ji, ta yi maza ta toshe baki da gefen zane. Ba ita aka tambaya ba, mijinta aka tambaya, shi kuwa ba ya barin tambaya ta faɗi ƙasa.

"Maƙwabciya, wannan harkar ilimi ce, ba ɗinkin maɓalli ba," in ji shi, yana gyara hular rana mai faɗin faranti. "Ki jira. Kafin tsuntsayen bana su koma inda suka fito, hotona zai hau bangon ofis."

"Allah ya sa ba a gefen waɗanda ake nema ba."

Mijin Amarya mai fenti ne, amma babu mai kiransa da sana'arsa. Bar-Mini ake ce masa. Famfo ya ɓalle, "bar mini." Mota ta ƙi tashi, "bar mini." Duk abin da aka bar masa kuwa sai an kira wani ya zo ya gyara gyaran.

A bayan gari akwai gandun daji mai tafki, inda aka hana farauta da su. Duk ƙarshen mako 'yan sa-kai kan je su ƙirga tsuntsaye. Aikin ba wuya a baki. Kowa da turkensa mai lamba a bakin ruwa, ka tsaya shiru, abin da ka gani ko ka ji ka rubuta. Ba kira, ba fito, ba watsa abinci. Jami'in gandun, wani siririn mutum mai haƙurin tsiya, kullum yakan ce, "Ba gasa muke ba. Ko ba ka ga komai ba, rashin ganin ma ƙidaya ce."

Bar-Mini ya shiga harkar ne ranar da aka kira shi ya rubuta lambobin turakun. Ya leƙa ofis, ya ga hoton wata tsohuwar nas a bango, don ita ta fara hango wani zalɓe da aka daɗe ba a gani ba. Daga ranar bai sake samun sukuni ba. Ya ari gilashin hangen nesa, ya sayi hula, ya naɗa Amarya mai riƙon fulas da tabarma. Ita kuwa ba ta daɗe da zuwa garin ba, in baƙo ya yi sallama har yanzu ɗaki take gudu. Ta bi shi a baya, kai a ƙasa, ido a buɗe.

Fitar farko, turkensa na kusa da na Hajiya Nas, mai hoton nan na bangon ofis. Ya tsaya shiru kamar na numfashi biyu, sannan ya fara yi wa Amarya darasi da murya irin ta mai tallar magani.

"Kin ga wancan mai dogon wuya? Tun ina yaro na san kakansa."

Mai dogon wuyan ya tashi. Na kusa da shi ma ya bi shi.

"Malam," in ji Hajiya Nas, ba ta ko sauke gilashinta ba, "tun da ka zo ko ƙuda bai sauka a nan ba. Don Allah ka ara mana bakinka mu ajiye a jaka."

"Hajiya, tsuntsu yana son a yi masa magana."

"Shi ya sa suka tafi kiran 'yan'uwansu ke nan."

Duk da haka da aka taru, shi ya fi kowa yawa. Balbela arba'in da uku. Jami'in ya ɗaga gira, ya ce a nuna masa. Bar-Mini ya miƙa hannu tsallaken ruwa, inda wasu fararen abubuwa ke lilo a kan ƙaya. Amarya tun ɗazu ta ga ledoji ne iska ta kwaso, amma ba a tambaye ta ba.

"To ai ga su nan ba su tashi ba," in ji Hajiya Nas. "Waɗannan kam suna son maganarka."

Fita ta biyu ya cika aljihunsa da hatsi, ya watsa a ɓoye kewaye da turke. Tsuntsu bai zo ba. Birai suka zo, uwa da 'ya'ya da dangin miji. Suka share hatsin, babban cikinsu ya zura hannu a aljihu neman ƙari, da ya ga ya ƙare ya ɗauke hular ya hau bishiya. Aka tashi ƙidaya birin yana sama sanye da hula, Bar-Mini yana ƙasa yana rantsuwa zai kai shi ƙara.

Fita ta uku ya zo da lasifikar hannu a cikin buhu. Ya sauke kukan tsuntsu a wayarsa, ya ce da zarar ya kunna duk mai fiffike a tafkin zai taho turkensa. Ya kunna. Ashe kukan gaggafa ya sauko. Tafkin gaba ɗaya ya tashi sama lokaci guda, har rana ta dushe, aikin mutum goma sha wani abu ya bi iska. Yana kokawa da maɓallin kashewa sai kira ya shigo, yatsansa ya danna amsa, murya ta karaɗe gandun daji:

"Bar-Mini! Yaushe za ka zo ka ƙarasa mini bangon banɗaki? Rabi kore rabi siminti, baƙi suna tambaya ko tutar wata ƙasa ce!"

Jami'in ya tako a hankali, ya karɓe lasifikar.

"Malam, saura fita ɗaya a bana. Mutumin rediyo zai zo ya ga aikinmu. Ina roƙonka da girman Allah, ranar ka zama turke."

Wani zai ji kunya. Bar-Mini kalmar rediyo kawai ya ji.

Akwai wata agwagwar daji mai jan kai da kan zo daga nesa lokacin sanyi. Shekaru ke nan ba a gan ta a tafkin ba, 'yan sa-kai suna kiranta Jan-kai, suna ambatonta kamar ɗan'uwan da ya tafi bai aiko ba. Da yamma Amarya ta fito ta tarar da mijinta tsaye a kan agwaginta, hannu a baya, yana murmushi. Bai taɓa kallonsu ba sai in sun yi masa kashi a takalmi.

Su huɗu ne, toro ɗaya da mata uku. Innarta ce ta ba ta su a kwando ranar da za ta taho, ta ce ta riƙa ganinsu tana tuna gida. A duk garin nan babu wanda take hira da shi ta saki jiki kamar su, musamman babbar, Uwar-garke, wadda kan kwantar da kai a cinyarta.

"Amarya, agwagin nan naki suna da kwarjini."

"Ƙwai suke shirin yi, Maigida."

"Aro zan yi. Su je da safe, su dawo da rana da suna. Ɗan ja kawai zan shafa musu a ka."

Ta murza bakin zanenta. "Akwai kada a tafkin."

"In ji wa?"

"An rubuta a allon ƙofa."

Ya tuntsire da dariya. "Ni na rubuta allon nan da hannuna! Don tsorata yara ne. Har haƙoran ni na ƙara masa."

"Amma in suka..."

"Bar mini."

Abu ɗaya ta iya ƙwata, shi ma da hawaye: ba zai sa musu fentin mai ba, sai na ruwa, wanda ke wankuwa.

Ranar fita, tun gari bai gama wayewa ba tsakar gida ta zama filin daga. Amarya na riƙe, shi na shafawa. Toron ya kafa masa baki a babban yatsa bai saki ba sai da ya kira sunan kakarsa. Ɗaya ta fizge ta bi ta cikin murfin gwangwanin fenti, ta zana sawun ja daga ƙofar kicin har kan shanyar wanki. Kan matar tela ya bayyana a saman katanga.

"Lafiya? Yanka ake ko aski?"

"Riga-kafi ne, maƙwabciya."

"Na wace cuta?"

"Ta sa ido."

"To ai sai na zo na ga yadda maganin ke aiki," in ji ta, ta sauka neman mayafi.

A ƙofar gandu mai gadi ya tare su. Ya dubi babban kwandon da ke kan Amarya, an rufe shi da tabarma.

"Me ke ciki?"

"Karin kumallon 'yan sa-kai."

"Me ke huci haka?"

"Fulas ne. Murfinsa ya kwance."

Kwandon ya motsa. Mai gadi ya ja da baya. "Fulas ɗin nan yana da rai?"

"Sabon samfuri ne," in ji Bar-Mini, ya tura matarsa gaba.

Sun riga kowa isa. Ya naɗe wando, ya ɗaura wa kowace agwagwa igiya a ƙafa, ya haɗa igiyoyin a hannun gwangwanin jan fenti, ya zuba duwatsu a kan ragowar fentin ya danne murfi. Ya kutsa cikin ruwa har gwiwa, bayan wani kurmin ciyawar kacalla, ya nutsar da gwangwanin. Ya fito da takalmi ƙafa ɗaya, laka ta riƙe ɗayan. Ya shiga bayan bishiya ya sauya kaya farare ƙal, saboda hoto. Amarya ta shimfiɗa tabarma inda za ta riƙa hango agwaginta, ta jawo kwandon kusa.

Mutane suka iso, kowa ya kama turkensa. Mutumin rediyo na biye da jami'in, yana tafiya da yatsun ƙafa. Wuri ya yi tsit, sai kukan tsuntsaye. Bar-Mini ya daure, ya daure, jijiyar wuyansa ta tashi.

"JAN-KAI! Jama'a, Jan-kai! Har huɗu!"

Rabin tafkin ya sake tashi sama. Amma wannan karon ba wanda ya tsaya faɗa, kowa ya bar turkensa ya sheƙo. Gilasai suka ɗagu. Can bayan kacalla ga jajayen kawuna huɗu suna yawo.

"Ikon Allah," in ji wani.

Hajiya Nas ta daɗe tana kallo. "Jan-kan da na sani bai kai rabin waɗannan ba."

"Ƙoshi ne, Hajiya. Daga ƙasar waje suke."

"Kuma jan har ya gangaro ƙirji."

"Zufa ce. Kin san nisan tafiyar?"

"Me ya sa suke zagaye wuri ɗaya?" in ji jami'in.

"Shawara suke. Baƙi ne, ba su san gari ba."

Mutumin rediyo bai jira ƙarshen gardamar ba, ya kunna na'ura ya kai ta bakin Bar-Mini. Shi kuwa ya ɓoye ƙafar da ba takalmi a bayan ɗayar, ya buɗe ƙirji.

"Masu sauraro, wannan ba sa'a ba ce, baiwa ce. Wasu sun shekara ashirin suna tsaye kamar an dasa su. Ni tsuntsu daga ƙwai yake sanina."

Amarya ba ta jin ko kalma. Idonta na kan wani gungume da ke kwance a ruwa. Ɗazu yana can wajen tsibiri. Yanzu yana bakin kacalla, kuma ba iska. Ta ƙura ido. Gungumen yana da ƙulu biyu a gaba, ƙulun suka ƙifta.

Ta matso ta ja gefen rigar mijinta. "Maigida..."

"Amarya, ana hira da ni."

"Maigida, itacen can..."

"Ku yi haƙuri, iyalina ce, murna ta yi mata yawa."

Ta dubi taron. Maza sun fi goma, ga jami'i, ga rediyo. Ta buɗe baki ta yi ihu, abin da ya fito bai fi tari ba. Gungumen ya rage tazara. Uwar-garke na tsakiya tana gyaran gashi, ba ta san komai ba.

Hannun Amarya ya faɗa cikin kwando. Kwanon dusarsu na ciki da cokalinsa, ta taho da shi don kada su wuni da yunwa. Kullum in za ta ba su abinci takan buga cokalin a gefen kwano, ko suna ina sai sun taho. Mijinta bai taɓa sani ba, don bai taɓa tsayawa ya ga an ciyar da su ba. Ta ja kwanon ƙarƙashin mayafi.

Ƙwal, ƙwal, ƙwal.

A cikin surutun Bar-Mini babu ɗan'adam da ya ji. Kawuna huɗu kuwa suka miƙe tsaye. Ta sake bugawa, sannan ta sa ƙafa ta tura kwanon tsakanin ƙafafun mijinta, ta koma ta zauna ta sunkuyar da kai.

Agwagin suka yo gaɓa da ƙarfin da ba a san suna da shi ba, fiffike na dukan ruwa. Igiyoyi suka miƙe, gwangwanin ya tumɓuke daga laka ya biyo su yana tsalle. Ruwa ya dare gida biyu. Wani baki mai tsawon tabarya ya buɗe ya rufe a kan abin da ya fi kusa da shi, wato gwangwanin. Igiyoyin suka tsinke, murfi ya yi sama.

"Kada! Kada!"

Mutumin rediyo ya haye bayan jami'in. Wani ya jefar da gilashinsa. Matar tela, wadda isowarta ke nan, ta riƙe turke tana salati. Agwagin suka fito tudu a jere, suka ratsa ta tsakanin ƙafafun masana, suka yi wa Bar-Mini zobe suna huci suna ture juna, suna goga jiƙaƙƙun kawunansu a farin wandonsa. Kafin ya yi tsalle biyu ya koma ja daga gwiwa zuwa ƙasa.

A ruwa kuma kadan ya ɗago kai yana tofar da duwatsu, hancinsa ja wur.

Hajiya Nas ta ɗaga gilashi ta dube shi da kyau. "Malam, ƙara a ƙidayarka. Ga Jan-kai na biyar."

Jami'in ya sauke mutumin rediyo daga bayansa, ya durƙusa ya ɗago guntun igiya. "Tsuntsun daji ne da igiya a ƙafa?"

"Masu binciken ƙasar waje ne ke ɗaura musu alama," in ji Bar-Mini, yana haki.

"Igiyar shanya?"

"Su ma suna wanki a can."

Jami'in ya shafa kan toron, ya duba tafin hannunsa, ya shinshina.

"Ai wannan Uwar-garke ce!" Matar tela ta saki turke ta kutso. "Wallahi ita ce! Ita ke tsallako mini katanga tana cinye mini shuka. Ga toron da ya cije shi da safe, ku duba yatsansa!"

Duk idanu suka koma kan yatsan. Bar-Mini ya tura shi aljihu. Dariya ta fara daga baya, ta bi layi, har mai gadi da ya rugo da sanda ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki yana cewa, "Fulas! Sabon samfuri!" Mutumin rediyo ya duba na'urarsa, ya ga ba ta daina ɗauka ba, fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir.

Jami'in ne kaɗai bai yi dariya ba. "Ka lalata mana fita huɗu. Ka shigo da dabbar gida inda za ta iya kawo wa na daji cuta. Ka zuba fenti a ruwan da suke sha. Ajiye gilashin nan. Gobe ka zo da burushinka ka sake rubuta allon kada, manyan baƙaƙe, yadda mai fenti ma zai yarda."

"A sa hotonsa a gefe," in ji Hajiya Nas. "Ai bango yake so."

Da la'asar Amarya ta dafa ruwa, ta zauna tana wanke agwaginta ɗaya bayan ɗaya. Jan na sauka a baho. Ta duba ƙafafunsu, ƙujewar igiya ce kawai. Uwar-garke ta kwantar da kai a cinyarta. Daga gidan tela ana jin rediyo, an ƙure murya, ana maimaita wurin "tsuntsu daga ƙwai yake sanina", yara na amsawa.

Bar-Mini na kan kujera, yatsa a naɗe da tsumma, yana lissafin maƙiya.

"Shirin nan ba shi da aibi. Wani ne ya kira su. Agwagwa ba ta fitowa ruwa haka kawai." Ya girgiza kai. "Nas ɗin nan ce. An ce akwai usur da kunnen mutum ba ya ji. Da zan san sirrin kiran nan, wallahi da na tara duk tsuntsayen tafkin can a gaban ofis, su yi layi, jami'in ya fito ya ba ni haƙuri." Ya juyo. "Amarya, ke ba kya magana amma kina da ido. Me kika gani?"

Hannunta ya tsaya a cikin baho. Maganar ta zo har bakinta. Sai ta hango shi ƙarshen mako mai zuwa a bakin tafki, ya rungumi babbar tukunyarta, ludayi a hannu, yana ƙwala wa kwasakwasa da shamuwa kira, agwaginta kuma a kwando don gwaji.

"Kada na gani, Maigida."

"Shi ai kowa ya gan shi," ya yi tsaki, ya tashi neman takalmi.

Ta jira har ƙarar ƙofar waje ta mutu. Ta leƙa saman katanga, ba kan kowa. Sannan ta ɗauko kwano ta buga a hankali, agwagin suka taho suna rangaji. Tana kallonsu suna ci ta yanke shawara: ba shi ba, ba matar tela ba, ko Inna in ta je gida ba za ta ji wannan ba.